Tuƙin kwalekwale da yamma a kogin Kilim, Langkawi: abin da na biya da abin da na samu

Ban iya iyo ba. Gara in fara da wannan don mai karatu ya san wadda ke ba shi labari. A Zariya aka haife ni, kuma iyakar sanina da ruwa shi ne na randa da na famfo, sai Kubanni da nake hangowa daga cikin mota. Duk labarin kwalekwalen da na taɓa ji a gida na kifewa ne: an kwaso 'yan kasuwa ko 'yan biki a Kebbi ko Neja, an yi lodi fiye da kima, babu mai rigar hana nutsewa ko ɗaya. Shi ya sa da maigida ya turo mini hoton talla a WhatsApp, wai mu je tuƙin kwalekwale a Langkawi, wani tsibiri a Malesiya, don murnar na kare kundin digirina, sai na ce masa: "Abban Ummi, shekara huɗu ina shan wahala a Sintok, sai yanzu da na gama za ka kai ni ruwa ya cinye?"

Ya ce ai ya riga ya biya. Na san dabararsa ce, don ya san ba na iya ganin kuɗi sun tafi a banza.

A watan Fabrairu muka je, lokacin rani a can, wanda yakan fara daga wajen Disamba ya kai Maris. Daga Sintok, garin da jami'ata take, muka yi kusan awa guda a mota zuwa Kuala Perlis, muka hau jirgin fito, ya yi awa ɗaya da 'yan mintoci ya sauke mu a Kuah, babban garin Langkawi. Tun kafin jirgin ya tsaya za ka hango gunkin wata jar shirwa mai tsayin mita 12 ta buɗe fukafukai a bakin ruwa. Mutanen garin na cewa daga sunan tsuntsuwar aka samo sunan tsibirin. Langkawi tarin tsibirai 99 ne a jihar Kedah ta Malesiya, dab da iyakar Tailan, kuma tun 1987 aka ɗauke wa yawancin kayan da ake sayarwa a can haraji. Yawancin 'yan uwanmu ɗalibai cakulan da tukwane da turare ke kai su. Ni ma sau biyu na taɓa zuwa, ban taɓa wuce kantuna ba.

Kamfanin da muka bi ba zan kama sunansa ba, don ina da ƙorafi a kansa, kuma masu irin wannan sana'a suna da yawa a tsibirin, kusan tsarinsu ɗaya. Kowannenmu ya biya ringgit 200 da 'yan kai, kuɗin Malesiya. A takardar talla sun yi alkawarin abu biyar: mota har masauki, ɗan jagora, rukunin da bai wuce mutum takwas ba, abincin dare, da kallon faɗuwar rana. Hoton da suka liƙa kuwa na wata ƙatuwar rana ce ja wur tana nutsewa cikin teku, ga wasu mutum biyu a kwalekwale sun ɗaga filafili sama.

Motar da aka ce ƙarfe uku da rabi sai huɗu saura biyar ta iso. Da muka isa tashar jiragen Kilim na ƙirga mu, mu goma sha biyu ne. Na yi wa matar da ke kan tebur magana, ta yi murmushi ta ce an haɗa rukuni biyu ne saboda ɗan jagora ɗaya ba shi da lafiya. Allah ya ba shi lafiya, amma ba a rage mana ko sisi ba. Rigunan hana nutsewa a jiƙe suke, suna tsamin zufar waɗanda suka yi zagayen safe, kuma sai da aka tono har ƙasan tulin kafin a samu wadda ta rufe cikin maigida. Ɗakin canza kaya labule ne kawai da bokiti. Da na san haka da tun daga masauki na shirya.

Ga 'yan uwana mata, ga abin da na sa kuma ya yi mini daidai: wando mai faɗi mai saurin bushewa, doguwar riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi irin na 'yan Malesiya wanda ake zurawa ba tare da fil ba. Kada ki kuskura ki shiga da zani ko babban hijabi har ƙasa, zai sha ruwa ya yi nauyi, kuma rassan bishiya za su riƙa kama shi. Zama za ki yi a cikin ruwa tun daga farko har ƙarshe, don kwalekwalen na roba ne, a kansa ake zama, kuma yana da 'yan ramuka a ƙasa da ruwa ke shiga yana fita. Mu da yake matafiya ne, mun haɗa azahar da la'asar kafin mu fito. A can la'asar sai wajen biyar saura take shiga, lokacin kana tsakiyar kogi.

Daga tasha jirgi mai inji ya fara kai mu Gua Kelawar, wato kogon jemagu. Aka ba mu tocila, aka ce kada a haska musu ido kai tsaye, kada kuma a ɗaga kai baki buɗe. Wannan gargaɗi na biyu na fahimci dalilinsa da kaina. Jemagun suna maƙale a rufi kamar an shanya daddawa, wari kuwa ba a magana. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɓawon ƙumbar teku da ke manne a jikin dutsen, sama da kaina. Ɗan jagoran ya ce shekarunsu sun kai 5,000, kuma shaida ce cewa a da ruwan teku ya fi na yanzu tudu da kusan mita biyu. Su kansu duwatsun na farar ƙasa ne, sun haura shekara miliyan 400, ruwan sama ne ya yi ta cin su har ya fafe koguna a cikinsu. Saboda irin waɗannan duwatsu ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Langkawi cikin jerin wurare masu duwatsun tarihi da ake kira geopark a 2007, na farko a kudu maso gabashin Asiya.

Ɗan jagoran nan shi ne rabin kuɗin da na biya. Saurayi ne ɗan ƙauyen, bai fi shekara ashirin da biyar ba, siriri, rana ta ƙona shi. Kakak yake kirana, wato yaya, ni kuma ina ce masa Adik, ƙane. Da muka isa wata rumfar katako da ke yawo a kan ruwa, inda ake kiwon kifi kuma ake ajiye kwalekwalen, ya lura ƙafata na rawa. Bai yi mini dariya ba, bai kuma ce mini "ba komai" irin ta masu son a gama da su ba. Ya ja igiyoyin rigata ya ɗaure tamau, ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama da ƙarfi ya nuna mini ba za ta zame ta kaina ba. Sannan ya ce in na faɗa, kada in yi kokawa da ruwa, in kwanta rigingine kawai in jira shi. Ya sa ni a gaba, maigida a baya, ya ce na baya shi ke juya akala, na gaba kuma shi ke ba da kiɗa.

Minti goma sha biyar na farko kunya muka sha. Filafilin baki biyu gare shi, ana tsoma dama a tsoma hagu. Ni ina dama, Abban Ummi yana hagu, filafilanmu na karo a sama, kwalekwalen na ta juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wasu Turawa tsofaffi, mata da miji, suka wuce mu sumul ko fantsama babu.

"Dakta, ki daina waiwayowa, ki tuƙa kawai."

"To ai kai ne kake kai mu cikin itace!"

Adik ya dawo ya gyara mini riƙo. Ashe da hannu nake ja, alhali da ƙugu ake juyawa, hannu riƙo ne nasa. Ya ce in tsoma bakin filafilin kusa da yatsun ƙafata, in fitar da shi daidai ƙuguna, kada in kai shi baya. Ya ce wa maigida ya daina kallon daji, ya kalli kafaɗata ya bi ta. Daga nan abin ya fara tafiya.

A babban kogin ban ji daɗi ba, gaskiya. Har wajen biyar da rabi jirage masu inji suna ta zirga-zirga da 'yan yawon buɗe ido, kowanne ya wuce sai ya turo mana igiyar ruwa, ni kuma in riƙe gefen kwalekwale ina salati. Adik ya koya mana mu riƙa juya hancin kwalekwalen ya fuskanci igiyar, kada ta same mu a gefe. Ya nuna mana gaɓar da ta zaizaye, saiwoyi a waje, wasu bishiyoyin sun kwanta. Ya ce aikin gudun jiragen nan ne. A wani faffaɗan wuri muka tarar da jirage uku sun tsaya suna ruri da inji, suna watsa fatar kaza a ruwa, shirwa kusan talatin suna shawagi suna sura. Jajaye ne masu farin kai da farin ƙirji, sai gaggafar teku ɗaya ko biyu masu farin ciki, waɗanda suka fi su girma nesa ba kusa ba. Abin kallo ne, ba zan ɓoye ba, na ɗauki hoto. Amma Adik ko kusa bai kai mu ba. Ya ce tsuntsun da aka saba wa fatar kaza yakan yi sakaci da farauta, kuma kitsen kazar gona ba abincinsa ba ne. Su a rukuninsu ba sa ciyar da komai, ko biri ko tsuntsu.

Sai ya karya kwana ya shige wata 'yar hanya da ni ban ma gan ta ba, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Nan ne kuɗina suka fara dawowa.

Faɗin hanyar bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Bishiyoyin da suke kira bakau sun haɗe a sama sun yi rumfa, hasken ya koma kore-kore, ƙarar inji ta ɗauke ɗif kamar an rufe ƙofa. Ban taɓa ganin itace irin wannan ba, ko da yake an ce a yankin Neja Delta muna da dajinsa mai yawa. Saiwoyinsa daga jikin gangar suke fitowa, sama da ruwa, su lanƙwasa su soke cikin laka, sai ka ga bishiya kamar ta tattare zani tana tsallaka rafi. A wasu wuraren filafili ba ya shiga, sai dai ka kwantar da shi a cinya ka riƙa kama saiwa kana jan kanka. Lakar tana da wari, wani abu tsakanin ruɓaɓɓen ƙwai da karofin marina, amma bayan minti biyar hanci ya saba. Abin da kake ji kawai ɗigar ruwa daga filafili, da wani ƙas-ƙas da ke fitowa daga cikin laka ta ko'ina.

Adik ya miƙa hannu ya tsinko wani abu kore mai tsawo, sak ɗan zogale, sai dai ya fi nauyi kuma ƙarshensa da tsini. Ya ce ɗan bakau ne, kuma tun yana jikin uwar yake tsira. Ya ɗaga shi ya saki, ya tafi tsaye ya kafe a laka kamar mashi. In ruwa ya janye lokacin da ya faɗo, nan zai kama. In ruwa ya cika, sai ya yi ta yawo har ya samu wurin zama. Sannan ya tsinko ganyen wata bishiyar daban mai suna api-api, ya ce in lasa bayansa. Na dubi maigida, maigida ya dubi sama. Na lasa. Gishiri ne zalla, har da 'yan ƙwayoyinsa. Ita wannan shan ruwan gishirin take yi ta fitar da shi ta ganye, bakau kuwa tun daga saiwa yake tace shi. Saiwoyin api-api kuma daga ƙasa suke ɓullowa sama, tsinke-tsinke kamar an kafa fensura dubu, da su take shaƙar iska saboda lakar ba ta da ita.

Muka tsaya a bakin wani tudun laka, ya ce kowa ya yi shiru. Da farko ban ga komai ba. Can sai lakar ta fara motsi. Ƙananan ƙaguwa ne, kowane namiji da hannu ɗaya ƙato mai launi, ɗayan ɗan mitsitsi, yana ɗaga ƙaton yana saukewa kamar ɗan kamasho na kiran fasinja. Kusa da su ga wani kifi a tudu, ba a ruwa ba, idanunsa a tsakar ka kamar na kwaɗo, yana jan jiki da fukafukansa na gaba. Wani ya matso kusa da raminsa, ya miƙar da ƙayar bayansa, suka buɗe baki suna yi wa juna barazana. Na fi minti goma ina kallon faɗan kifi biyu a kan laka, ni da na zo da tsoron mutuwa. Wani guza mai tsayin mutum ya ratsa ta gabanmu yana iyo, kai kawai a waje, harshe na fita yana komawa. Ban yi ihu ba, amma Abban Ummi ya ce kwalekwalen gaba ɗaya ya ji rawar jikina.

A nan ne hular ta tafi. Tun a masauki na ce masa ya bar zannarsa ya sa hular rana, ya ce shi bai taɓa fita kai ba hula ta mutunci ba. Wani reshe ya tsame ta a hankali ya ajiye a ruwa, ta kama hanya abinta. Birai uku da ke kan saiwa suka bi ta da ido. Adik ya riga su, ya ɗago ta da bakin filafili tana ɗiga. Biran nan masu dogon wutsiya ba su da kunya ko kaɗan, suna iyo, kuma ƙarar leda ce ke kiransu. Duk abin da ke cikin leda a ɓoye shi.

Na tambayi Adik ko an taɓa sare dajin. Ya ce sosai, kakanninsa gawayi suke yi da bakau, don gawayinsa na da nauyi kuma yana daɗewa yana ci, har aka zo aka hana. Ya ce bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta taɓa gaɓar yammacin Langkawi ta rushe gidaje da jiragen masunta, mutane suka ƙara gane amfanin dajin, don saiwoyin nan suna karya ƙarfin ruwa kafin ya iso gari.

Wani abu da kamfanin bai faɗa mana ba, kuma shi ya fi komai muhimmanci: wannan 'yar hanya ba kullum ake shigarta ba. Kogin Kilim da teku yake numfashi. Sau biyu a yini ruwa ke cikowa, sau biyu yana janyewa, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. In ka zo ruwa ya janye, hanyoyin nan laka ce zalla, sai dai a yi ta zagaye da kai a babban kogi tare da masu inji. Mu sa'a muka yi. Cikowar da janyewar sun fi ƙarfi a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, don haka mai lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin zancen. Kafin ka biya, ka tambaye su ƙarfe nawa ruwa zai cika ranar, kuma za a shiga ƙananan hanyoyi ko ba za a shiga ba. In suka yi ta kwana-kwana, nemi wasu.

Saura faɗuwar rana, wadda ita aka sayar mana. Ba mu gan ta ba. Kilim a arewa maso gabashin tsibirin yake, rana kuwa ta yamma take faɗuwa, bayan duwatsu. Tun bakwai saura ta ɓuya a bayan wani tsauni, alhali a watan Fabrairu sai wajen bakwai da rabi take faɗuwa a can. Hoton tallar nan ko dai daga bakin tekun Pantai Cenang aka ɗauke shi ko na Tanjung Rhu, amma ba daga inda muka tuƙa ba. Na faɗa wa Adik, ya sunkuyar da kai ya ce shi ba shi ke buga talla ba. Wanda ke son ganin rana na nutsewa a teku ya je Cenang ya zauna a kan yashi, kyauta ne.

Sai dai a daidai lokacin ne jirage masu inji suka gama tashi. Muka fito babban kogin da ɗazu ya firgita ni, muka same shi kwance lumui kamar an shafa mai. Kawunan duwatsun suka yi ja, sannan ruwan hoda, ruwan ya kwafe su gaba ɗaya har da bishiyoyin da ke maƙale a jikinsu. Shirwa biyu suna komawa makwanci, ba mai jefa musu komai. Mu goma sha biyu babu mai magana, har Baturen da tun farko bakinsa bai huta ba. Adik ya ce a ɗora filafili a cinya, ruwa ya fara janyewa, shi zai kai mu. Haka muka yi ta gangarawa ba tuƙi. Na saki gefen kwalekwalen da na riƙe tun la'asar, na tsoma hannu a ruwa, na ji shi da ɗumi.

Sauro ne ya kawo ƙarshen abin. Da duhu ya fara, suka fito rundunarsu, kuma man da na shafa ruwa ya riga ya wanke shi. A sa kwalbar a aljihun riga, a sake shafawa wajen ƙarfe bakwai.

Abincin dare da aka yi alkawari soyayyiyar shinkafa ce a robar ɗaukar abinci, ta huce tun tuni, da ƙwai ɗaya a kai da gorar ruwa ƙarama. Halal ce, wannan ba abin damuwa ba ne a Langkawi, amma ko a kantin makaranta ringgit shida ba zan biya mata ba. Jirgi ya mayar da mu tasha takwas saura, muka samu magariba a ɗan masallacin wurin da kayanmu a jiƙe. Washegari kafaɗuna suka ƙi ɗaguwa, babban yatsana na dama ya yi bororo. Duka tuƙin bai wuce awa biyu da rabi ba, amma jiki magayi.

In za a tambaye ni maki, Adik biyar cikin biyar, kogin biyar, ofishin kamfanin biyu. Mai ciwon baya ko tsohuwa irin Hajiyata su hau jirgi mai inji, zaman kwalekwalen ba na su ba ne. Wanda bai iya iyo ba kuwa zai iya, ga ni. Mun ba Adik ringgit 30 a hannu, ya ƙi karɓa sau biyu kafin ya karɓa da hannu bibbiyu.

Hotunan da suka ce za su turo a daren sai bayan kwana huɗu suka zo, bayan na yi musu magana sau uku. Guda bakwai ne, biyar na Turawan nan, ɗaya na hular Abban Ummi a bakin filafili, ɗaya kuma nawa, na yi zuru ina kallon laka. Shi na tura wa Hajiya, don sai da muka dawo Sintok lafiya na gaya mata inda muka je. Ta kira ni a bidiyo, ta yi salati, ta yi mini faɗa na minti goma a kan abin da na ajiye a cikin ruwa. Da ta huce sai ta sake duba hoton ta ce: "To kifin fa? Duk wannan wahala ko ɗaya ba ku kamo ba?"